Jirgin Kano zuwa Maraɗi: me zai ɗauka, kuma ina zai kai shi?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina so mu tattauna maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi amma ban da siyasa, saboda duk inda aka ɗauko zancen nan sai ya koma wancan ya ce marigayi Buhari ya yi wa 'yan uwansa na Nijar aiki, wancan ya ce hassada ce, a tashi ba wanda ya ƙaru da komai. Abin da kowa ya sani shi ne kilomita 284 ne, ya tashi daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya ya shiga Maraɗi, sannan akwai reshe da zai je Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a Janairun 2021 kan kuɗi kusan dala biliyan 2, aka aza harsashi a Katsina cikin Fabrairun shekarar. Ni wake da riɗi nake saye a Dawanau, to tambayata ta 'yan kasuwa ce, ranar da aka gama aikin nan wane kaya zai ɗauka, daga ina zuwa ina? Don a ganina in jirgin nan bai samu kaya ba fasinja kaɗai ba za su riƙe shi ba, kuma in kayan ba su da hanyar kaiwa teku an yi rabin aiki ne. Masu sani a taimaka mana.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai ka fara da mu fasinja kafin buhunan wakenku. Birnin Katsina tunda aka kafa shi jirgi bai taɓa shiga ba, yankin Funtuwa ne kawai ya ga jirgi a jihar nan. Mu da muke sarin atamfa a Kwari muna dawowa da ita wlh mun gaji da cushe a mota, mutum huɗu a baya ga ɗaurin kaya a cinya.

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni nan Maraɗi nike kuma na ji daɗi da anka buɗe wanga zance. Ku bari in hwaɗa muku abin da ya sa mu nan muna murna amma muna taka tsantsan. Mun taɓa ganin irin haka. A 2014 anka fara shimfiɗa layin jirgi daga Yamai zuwa Doso, kilomita 143, kamfanin Bolloré na Faransa ya yi shi, shugaba Issoufou ya ƙaddamar da shi farkon 2016, anka yi biki anka ga jirgi da ido. Niyyar ita ce ya wuce Gaya ya tsallaka ya haɗe da na Benin da ya tsaya Faraku, daga nan sai Kwatano bakin teku. Sai rikicin shari'a ya tashi can Benin kan wa ke da haƙƙin aikin, shikenan guntun ya tsaya shi kaɗai bai haɗu da komi ba, har yau ba shi ɗaukar mutum ba shi ɗaukar kaya, ƙarfen na nan kwance rana na dukanshi. To abin da Alhaji Abban Sadiq ya hwaɗi shi ne gaskiya, layin da bai kai teku ba mu Nijar ba shi da babban amfani garemu, don mu matsalarmu ke nan, ba mu da teku. Kayanmu ta Kwatano sunka saba shigowa, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ta rufe, ayarin motoci sunka koma bi ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, kaya su yi makonni kan hanya, duk wanga tsada talaka ka biyanta a kasuwa. In da kwantena za ta iya sauka Legas ta hau jirgi sai Maraɗi, wallahi ba wanda zai roƙi ɗan kasuwar Maraɗi ya yi amfani da shi, da kanshi zai zo.

Injiniya Zariya:
Malam na Maraɗi ka taɓo inda ciwon yake. Bari in ɗan yi bayani don mutane da yawa suna ɗauka duk layin dogo ɗaya ne. Tsohon layin da Turawa suka bari, wanda ya taso daga Legas ya bi Ilori, Minna, Kaduna, Zariya ya zo Kano, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067 ce. Sabbin da ake yi yanzu har da na Maraɗin milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba zai hau wancan ba ko da me za a yi, sai dai a sauke kaya a sake lodi. To yanzu a duba sabon layin gunduwa gunduwa: Legas zuwa Ibadan kilomita 157 an buɗe a 2021 kuma ya shiga har cikin tashar jiragen ruwa ta Apapa, Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 yana aiki tun Yulin 2016, Kaduna zuwa Kano wajen kilomita 203 an ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021 kamfanin CCECC na Sin ke yi. Abin da ya rage a tsakiya shi ne Ibadan zuwa Abuja, kuma shi ne mafi tsawo a cikinsu. Ma'ana ko gobe aka gama Kano zuwa Maraɗi aka gama Kaduna zuwa Kano, jirgin da ya taso daga Maraɗi iyakarsa tashar Idu a Abuja. Hujjar da ministan sufuri na lokacin Rotimi Amaechi ya riƙa kawowa ita ce a janyo kayan Nijar daga Kwatano da Lome su dawo tashoshin Legas, hujja ce mai kyau, amma ba za ta tabbata ba sai an cike wannan giɓin. Kafin nan abin da zai yiwu shi ne kwantena ta zo Kano ta tsohon layi ko a tirela, a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ɗaga ta a ɗora a sabon, to kowane ɗagawa kuɗi ne kuma lokaci ne.

Abban Sadiq:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Kenan riɗina da ake kaiwa Apapa har yanzu yana hannun masu tirela.

Direba Mai Tirela:
Yana hannunmu Alhaji, kuma ba don muna so mu riƙe ba. Ni na daɗe a kan hanyar nan, bari in gaya muku yadda lissafin lodi yake. Tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka na kilo hamsin hamsin, tan 30 kenan. Ina shiga har ƙofar sitonka a Dawanau 'yan dako su loda sau ɗaya, in je har ƙofar siton mai saye a Maraɗi a sauke sau ɗaya. In jirgi ne sai ka nemi ƙaramar mota ta kai tasha, kuɗin dako, a sauke a loda a tarago, kuɗin dako, a can ma a sauke a loda a wata motar, kuɗin dako, ga buhu yana fashewa a kowane juyi, ga jiran tarago ya cika. A tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba wlh da wuya jirgi ya doke mu a farashi sai in kaya ne mai yawa na mutum ɗaya kamar siminti ko taki ko mai. Inda jirgi zai kashe mana kasuwa shi ne doguwar tafiya, Legas zuwa Kano, sama da kilomita dubu, kuma ni da bakina ina cewa ya zo ya karɓa. Hanyar Mokwa da Jebba ta cinye mana mutane da motoci ba adadi, mutum ya kwana biyar a layi kafin ya shiga Apapa yana wanka da ruwan leda, ba rayuwa ba ce. A bar mana gajerun hanyoyi daga tasha zuwa ƙauyuka mu kwana a gidajenmu.

Bajibiye:
Direba ka manta abu ɗaya da zai sa mutane su gudo jirgi ko da ya fi tsada, shingaye. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ka ƙirga sau nawa kake taka birki kana miƙa hannu ta taga. Duk wannan kuɗin a kan buhu yake komawa. Jirgi ba mai sa masa itace da ƙusa a gaba ya ce faka.

Direba Mai Tirela:
Wannan kam gsky ne ƙanina, ban musa ba. Akwai tafiyar da kuɗin hanya kaɗai sai ya kusa kamo kuɗin abincina da na yaran mota na sati. Amma ka sani in ba a tsara ba shingen zai tashi ne daga kwalta ya koma ƙofar tasha.

Baba Tsohon Reluwe:
Assalamu alaikum 'ya'yana, jikana ne ke rubuta mini ina faɗa. Na yi aikin jirgi har na yi ritaya, kuma na ji daɗi da na ga matasa na maganar kaya ba maganar kujera mai sanyi kaɗai ba. Ku sani jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, kuma ba don a ɗauki mutane Bature ya kawo shi ba, auduga ya zo nema sai gyaɗa ta fi ƙarfi. Daga baya aka miƙa reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka miƙa na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri sai 1964. Duk inda kuka ga an kai reshe to akwai abin da ake ɗaukowa, gyaɗa, auduga, fata, shanu. Kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba, gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ma a wancan zamani Kano ake kawo ta a hau da ita jirgi zuwa Ikko wato Legas, sai a shekarun 1950 Faransawa suka shirya karkatar da wani kaso ta Faraku da Kwatano. Don haka mai cewa me ya haɗa jirginmu da Maraɗi bai san tarihi ba, kayan Maraɗi sun hau jirgin Kano tun kakanninku na yara.

Ni abin da na gani da idona a layin Nguru, tasha irin Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, ranar da jirgi zai tsaya gari ne ke tashi gaba ɗaya. Mata da ƙwaryar fura da dafaffen ƙwai da rake suna bin tagogi, 'yan dako sun jera buhuna a bakin dandamali tun asuba an rubuta sunan mai kaya da shuni a jikin kowanne, magatakarda na zaune da sikeli yana yanka rasit. Akwai taragon shanu daban mai ramuka a jiki don iska, makiyayi ya shiga tare da dabbobinsa da ɗaurin harawa har kudu. Kuɗin waɗannan kayan ne ke biyan albashinmu, na fasinja ƙari ne. Da gyaɗa ta faɗi tireloli suka ƙwace sauran kayan, sai gyara ya gagara, tafiyar kwana ɗaya ta koma uku, mutane suka watse. Saboda haka ku roƙa a yi muku wurin lodi a kowace tasha da ƙaramin layi na gefe inda za a ajiye tarago a cika shi ba tare da an tare hanya ba. In babu wannan tashar ado ce.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, wlh kamar ina gani. Amma Baba mu ma ƙananan 'yan kasuwa kaya gare mu, ba mu kai mu cika tarago ba ne kawai. Ni abin da nake tsoro kar a yi mana jirgin 'yan gayu, wanda za a ce jaka ɗaya tal, to ni da ɗauri uku na atamfa da katan na takalma ina zan sa su? A ware tarago ɗaya na kaya a jikin jirgin fasinja, a auna a ba ka rasit, ka sauka ka karɓa. Sannan maganar tikiti, na Abuja an mai da shi ta intanet tun 2021, to yana da kyau ga mai babbar waya, amma tsohuwa daga Mashi da za ta je duba jika a Kano fa? Dole a bar taga da mutum zai miƙa kuɗi a ba shi takarda. Na uku inda za a sa tashar, ku dubi tashar Rigasa ta Kaduna ku dubi ta Idu, ka sauka daga jirgi sai ka sake biyan kuɗin mota mai yawa kafin ka shiga gari, in dare ya yi kuma ga mace ita kaɗai abin ba daɗi.

Sani Gusau:
Ni fa ku yi haƙuri zan saɓa muku. Ba na cikin masu cewa an yi wa Nijar aiki, don mafi yawan layin a cikin Najeriya yake, jihohi uku ya ratsa, abin da ya shiga Nijar guntu ne. Matsalata ita ce fifiko. Kuɗin nan bashi ne da dala, mu da 'ya'yanmu za mu biya da naira da darajarta ta faɗi. In kana da kuɗi kaɗan ai ka fara haɗa Ibadan da Abuja tukuna yadda Injiniya ya ce, sannan ka miƙa rassa. Ga namu layin na Ƙauran Namoda ya mutu murus, ciyawa ta rufe shi, wasu wuraren ɓarayi sun kwance ƙarfen sun sayar wa 'yan gwangwan, Sakkwato kuwa ko mita ɗaya ba ta taɓa gani ba alhali ga Illela da Ƙonni, albasa kaɗai da ke fitowa ta nan ta isa ta cika jirgi. Sannan a duba taswira, hanyar mota daga Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya take bi a miƙe, shi kuwa jirgin sai ya yi arewa ya zagaya ta Daura kafin ya juyo yamma. Mai sauri zuwa Katsina zai yarda ya zagaya?

Malama Kazaure:
Yaya Sani mu da ke kan zagayen ai mutane ne. Dambatta, Kazaure, Daura, ga Mai'aduwa kusa da kasuwar dabbobinta, duk garuruwa ne masu jama'a da kasuwanni. Hanyar Bichi tana da titi mai kyau da motoci ba iyaka, mu ne muka fi buƙata. Ɗalibaina da suka samu makaranta a Kano ko Katsina kuɗin mota ne ke hana wasu zuwa gida sai ƙarshen zango.

Injiniya Zariya:
Malam Sani a maganar fifiko ina tare da kai ɗari bisa ɗari, da ni ne da tsakiyar zan fara. Amma a maganar zagaye Malama ta fi ka gaskiya. Ba a jan layin dogo a miƙe don kawai ya yi gajarta, ana bi da shi inda zai tsinci mutane da kaya, kuma jirgin da ba ya tsayawa a shinge ba ya shiga cunkoson Bichi ranar kasuwa zai iya cinye ƙarin nisan. Abin da aka faɗa lokacin ba da kwangila shi ne an tsara shi ya ɗauki fasinja sama da 9,000 da kaya tan 3,000 a rana. Da lissafin Direba tan 3,000 tirela 100 kenan kullum. Ba abin da ya fi ƙarfin wannan hanya ba ne in iyaka a buɗe take, amma layi ɗaya ne ba tagwaye ba, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha ko wurin kaucewa, don haka in aka cika shi da jiragen fasinja na kaya ne zai riƙa jira a gefe, kuma ɗan kasuwa in ya ga kayansa na kwana a hanya sau ɗaya sau biyu zai koma wa tirela. Tsarin lokaci shi ne rabin aikin.

Bajibiye:
To ni duk wannan lissafin naku na tan da milimita yana bayan abu ɗaya a wurina, tsaro. Mu a nan mun san abin da muke ciki, akwai ƙauyukan da la'asar ta yi ba mai fita, gonaki da yawa an bar su, dajin da ya taso daga Batsari ya haɗe da na Zamfara ya tsallaka har ɓangaren Madarunfa. Kowa ya tuna daren 28 ga Maris 2022, aka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna aka kashe mutane aka kwashi sama da sittin zuwa daji, na ƙarshensu sai Oktoba suka fito, jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Wannan fa layin da manya ke hawa kenan. To mu da za a ratsa da shi ta Jibiya wa zai tsare mana? Ba ina cewa kar a yi ba, wlh ina so ya zo ko don matasanmu su samu abin yi su bar ɗaukar jarkar mai a babur ta cikin daji, amma a sa mutanen garuruwan da ke bakin layi cikin tsaron, a ɗauke su aikin sintiri a biya su, su suka san baƙon ido.

Baba Tsohon Reluwe:
Yaro ka yi magana. A zamaninmu kowane yanki na layi akwai leburori da shugabansu, da sassafe mutum zai taka a ƙafa da guduma a kafaɗa yana duba kowane ƙusa, in ya ga an taɓa wani abu ya kafa jar tuta tun kafin jirgi ya iso. Kuma 'yan ƙauyen wurin ake ɗauka. Na'ura na da amfani amma ba ta maye ƙafar mutum.

Manomi daga Mashi:
Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba. Layin ya bi ta gefen ƙauyenmu, an tara ƙasa ta yi tudu ta raba gonaki biyu, gida na nan gona na can. Wanda ke tafiyar minti goma da amalanke yanzu sai ya zagaya ya nemi inda aka bar mashiga. Fulanin da ke kusa da mu su ma burtalinsu ya yanke, shanu ba sa hawa tudun, in suka zagaya sai su faɗa gonar wani, kun san abin da wannan ke jawowa. Da damina kuma ruwa da ya saba wucewa yanzu yana taruwa gefe ɗaya inda kwalbati ya yi nisa. Muna son jirgi, amma a ƙara mashigai ta ƙasa da amalanke da shanu za su iya bi, tun yanzu da masu aiki ke nan da injinansu, in suka tafi shikenan.

Abban Sadiq:
Malam wannan magana taka ta fi duk tamu gaggawa. Ku haɗu da mai gari da ardo ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu gaba ɗaya, ku kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ku ɗauki hoton wurin da ruwa ke kwanciya ku haɗa. Manomi da makiyayi in suka je tare an fi saurarensu.

Injiniya Zariya:
Haka ne, kuma ku nuna ainihin inda tsohon burtalin yake. Ƙara mashiga kafin a shimfiɗa tsakuwa da ƙarfe abu ne mai sauƙi, bayan jirgi ya fara bi sai an tsayar da shi kafin a fasa tudun, shi ya sa ba a cika yarda ba.

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Ni zan koma kan iyaka don duk abin da munka hwaɗi a kanta ya rataya. Ku tuna Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta sai Disamban 2020 anka buɗe. Bayan juyin mulki anka sake rufewa da takunkumin ECOWAS sai Maris 2024. Mu ma nan gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi, kahin layyar 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi. Kowane ɓangare na da dalilinshi, amma jirgi ba ya bin hanyar daji kamar mai babur, rana guda anka sa kwaɗo bakin iyaka a Ɗan Isa ko Magama shikenan ya tsaya. Mu da ku ba baƙin juna ba ne, sarautarmu ma sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi, kakanninmu daga Birnin Katsina sunka taso bayan jihadi, babu gidan da ba shi da ɗiya ko ƙanwa da ke aure tsallake. Ayarmu da wakenmu da raguna ku ka saye, masara da siminti da robobi da kayan Kwari mu ka saye. Abin da nike so in gani shi ne gwamnatocin biyu su zauna su rubuta yarjejeniya ta jirgin kanshi, cewa ko an yi saɓani na siyasa ba a tsai da shi, kuma duwan namu da kwastan naku su zauna wuri guda a duba kaya sau guda, ba a sauke a Jibiya a sake saukewa a Ɗan Isa ba.

Sani Gusau:
Wannan kuwa in aka samu ni ma na janye rabin ƙorafina. Amma Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, da wace takarda fasinja zai tsallaka?

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Lokacin da fitar ta tabbata ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen Nijar da Mali da Burkina, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake shawara. To ka ga na wucin gadi ne, kuma abin da ke rubuce daban abin da mutum ka tararwa bakin iyaka daban. Yawancin masu zuwa kasuwar Jibiya daga ƙauyukanmu ba su da fasfo, wasu ko katin ɗan ƙasa babu, sun saba su hau mota a san su da fuska. Jirgi ba zai yi aiki da sanin fuska ba, za a nemi takarda tun wurin yankan tikiti. In ba a fito da wata 'yar takarda mai sauƙi ta mutanen bakin iyaka ba, wadda za a yi a nan tasha da kuɗi kaɗan, talakawa za su ci gaba da bin mota, jirgin ya zo Jibiya ya zazzage mutane ya ƙarasa Maraɗi da kujeru wayam.

Maman Ilham:
Abokan cinikina mata na Maraɗi da ke zuwa sari Kwari da yawansu haka suke, katin zaɓe kawai gare su ko takardar haihuwa. Malam in ka ji an fara maganar wannan takardar a wajenku don Allah ka sanar da mu a nan, ni kuma zan tambayi shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ko an taɓa kiransu wani zama a kai.